A bar kofur da sifanarsa

Ranar sunan jikar kawuna, bayan an shafa fatiha an raba goro, muna zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida ana jiran waina, sai Kawu ya dubi ɗan ƙanwarsa da ya zo hutu daga bariki ya ce, "Kai, ashe gaskiya ne abin da na ji? Sau biyu sunanka na fitowa kwas ɗin saje kana zillewa?"

Kawu tsohon soja ne. Shekara 35 ya yi cikin kaki, ya je Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ya sauka yana samanja, har yau ko matansa Samanja suke ce masa. Wanda yake wa magana kuwa ƙanena ne, ɗan ƙanwar mahaifiyata, kofur makanike da ya haura shekara 12 a aiki.

Kofur ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ni aikin da na iya shi nake yi. In aka ba ni igiya uku, an raba ni da mota ke nan, an haɗa ni da fayil."

Kawu ya ajiye goron da ke hannunsa. "Matacciyar zuciya! Da a ƙarƙashina kake, wallahi sai ka zaɓa, ko ka tafi kwas ko ka tuɓe mana kakinmu. Soja gidan hutu ne?" Mutanen wurin suka ɗauka da "gaskiya ne, Samanja", wani ma ya ƙara da cewa yaran yanzu ba su da kishin kansu. Ni ban ce uffan ba, don ba a musu da kawu a gaban baƙi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, har yau ba ta wuce ba.

Ga matsayata tun da wuri. Sojan da ya iya aikinsa, lafiyarsa ƙalau, ba a kama shi da rashin ɗa'a ba, amma ya ce ba ya son a ɗora masa shugabancin mutane, bai kamata a kore shi ba, bai kuma kamata a mayar da shi abin dariya a fareti ba. A bar shi inda yake da amfani, a biya shi gwargwadon ƙwarewarsa. Wanda ya cancanci a matsa wa lamba shi ne wanda ba ya tsinana komai a inda yake, ko yana son igiya ko ba ya so.

Na san wani zai yi dariya ya ce wannan wace irin matsala ce. Kukan da aka saba ji daga bariki ai na waɗanda aka danne ne, sa'o'insu sun wuce su, su suna nan jiya i yau. Haka ne, masu ƙin igiya tsiraru ne. Sai dai waɗanda na sani cikinsu duk a wuraren da runduna ba ta iya rasa su suke: gareji, ɗakin gyaran rediyon sadarwa, asibitin bariki, sitiyarin motar sulke.

Igiya ta uku ba tukwici ba ce

Kuskuren da muke yi, mu farar hula har da wasu masu kaki, shi ne ɗaukar ƙarin girma kamar tukwici: ka yi aiki da kyau, ungo igiya. Alhali a soja kowace igiya sabon aiki ce. Farabiti kansa kawai yake ɗauke da shi, sai bindigarsa. Daga las kofur an fara rataya wa mutum wasu, a rundunar ƙafa kofur ne ke jan ƙaramin rukuni na mutum goma ko ƙasa da haka. Saje kuwa ya zama uba. Shi ke tsaye tsakanin hafsa da yara kusan talatin, shi ke sanin wanda bai fito fareti ba, wanda matarsa ta yi yaji, wanda bashi ya yi wa katutu a kasuwar mami, da wanda ya kamata a kai gadirum, ɗakin tsare sojan da ya yi laifi.

A gareji ma haka abin yake. Na taɓa kwana biyu wurin Kofur na ga yadda wuninsa yake. Aka turo wata Hilux da ta dawo daga daji tana wani irin ƙwanƙwasa, yara biyu sun wuni a kanta sun yanke cewa sai an sauke inji. Ya ce a tayar. Ya ɗauki dogon sukudireba ya ɗora bakinsa a jikin injin, ya kanga kunnensa a ƙotar, ya matsa gaba kaɗan ya sake kangawa, kamar likita da abin awon ƙirji. Bai yi minti uku ba ya ɗaga hannu a kashe, ya ce nozul ɗaya ce ke da matsala. Kafin la'asar motar ta koma layi.

Sajen garejin kuwa, duk wunin ranar ban ga ya taɓa ƙarfe ba. Yana cikin ɗan ofishinsa da fanka mai kuka, yana rubuta wanda zai kwana gadi, yana cike takardar neman kayan gyara daga sito, yana amsa kiran hafsan da ke son jin dalilin da mota kaza ba ta tashi ba. Wannan ma aiki ne, mutumin kuma ya iya shi, Allah ya ba shi haƙurinsa. Amma ranar da aka zaunar da Kofur a kujerar nan, runduna ta yi asarar kunnen da aka shekara 12 ana horarwa, ta samu saje mai ƙunci da ke leƙen gareji ta taga.

Mun san wannan a wajen bariki. Kusan kowane gari akwai malamin lissafin da ɗalibai ke rububinsa, aka ce ya cancanta aka ba shi hedimasta, daga ranar makaranta ta rasa malamin lissafi, shi kuma ya koma rigima da kwamitin iyaye da masu tallar awara a bakin get. Kakanninmu sun fi mu gane abin nan. Ba lallai wanda ya fi kowa iya ƙera garma a gari ne ke zama Sarkin Maƙera ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa maƙerin da bai nemi sarauta ba ya kashe wutar maƙerarsa.

Ko a addini ba baƙuwar magana ba ce. Abu Zarril Gifari, sahabin da ba mai shakkar gaskiyarsa ko ƙarfin halinsa, ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi shugabanci, aka ce masa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce, ranar ƙiyama kunya ce da nadama sai ga wanda ya ɗauke ta da haƙƙinta. A wata ruwayar an yi masa nasiha kada ya shugabanci ko mutum biyu. Darajarsa ba ta ragu da ƙwayar zarra ba. Wani zai ce ai Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar. Ƙwarai, don ya san zai iya, ya kuma faɗa. To wanda ya auna kafaɗarsa ya ga ba za ta ɗauka ba, shi ma ya faɗa, me ya sa nasa ya zama abin zagi?

An gwada dokar Kawu a Amurka

Abin da Kawu ya faɗa cikin fushi, a Amurka doka ce rubutacciya, sunanta ko ka hau ko ka fita. Ga hafsoshi ta samu gindin zama tun dokar 1947, aka ƙara ɗaure ta a 1980: wanda aka tsallake sau biyu a ƙarin girma yawanci sai ya haɗa kayansa. Ƙananan sojoji kuwa kowane muƙami an yanka masa shekarun da ba a wucewa. A ƙa'idar da sojan ƙasansu ya daɗe yana bi, mai matsayin kofur ba ya wuce shekara 8 a aiki, saje ba ya wuce 14, na gaba da shi 20. Fanshon wata-wata kuma sai wanda ya cika shekara 20. Ka ga ke nan makaniken jirgi mai saukar ungulu da ya ce shi dai a bar shi da jirginsa, a shekara ta takwas za a sallame shi, daidai lokacin da hannunsa ya faɗa.

Abin haushin, su ma sun taɓa riƙe maganin a hannu. A 1955 suka kafa wa ƙwararru wani tsani na daban, suna kiransu sifeshalis. Albashi na hawa mataki-mataki kamar na saje da na sama da shi, amma ba a ɗora maka jan ragamar kowa. Sannu a hankali suka riƙa sare matakan daga sama, zuwa 1985 saura ɗaya tak, na can ƙasa. Daga nan duk mai son albashin saje dole ya ɗauki nauyin saje.

Sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A 2022 sojan ƙasa na Amurka ya nemi kurata 60,000, ya samu kusan 45,000, giɓin mutum 15,000. A ƙarshen 2022 ɗin sojan ruwansu ya dakatar da sallamar ƙananan sojoji saboda daɗewa a muƙami ɗaya, har na shekara biyu. Sojan sama tun 2019 ya tsawaita wa'adin nasa, a 2024 kuma ya dawo da wani muƙami na ƙwararru zalla a fannin kwamfuta da tsaron intanet, muƙamin da ya daina bayarwa tun 1959. Dalili? Akwai gwanaye da ba sa son zama kwamandoji, aikinsu kawai suke so, in ba a bar su a kansa ba kamfanoni na jiran su da buhun kuɗi.

Maƙwabciyarsu Kanada ba ta bi wannan hanya ba. A can soja kan zama kofur bayan kamar shekara huɗu, yana kuma iya zama a haka har ya yi ritaya. Har laƙabin tsokana suke da shi, kofur na har abada. Masu sana'o'i masu wuya ana ƙara musu kuɗi a kan albashin muƙaminsu. Singafo ita ma a 2010 ta buɗe wa injiniyoyi da ma'aikatan lafiya da makamantansu tsani nasu daban, suna aiki har su kai shekara 60.

Ƙasar da ta fi kowa kuɗin horar da sabon soja ta fara ja da baya daga korar gwani. Balle mu, da kowace mota ta tsaya sai an yi ta addu'a kafin kayan gyaranta su iso.

"Ya tare wa na baya hanya"

Wannan ita ce hujjar da na fi ji, in ka zauna ka lissafa kuwa sai ka ga a juye take. Runduna kamar dalar gyaɗa take, faɗi a ƙasa, tsini a sama. Bataliya guda mai ɗaruruwan sojoji babban samanja ɗaya gare ta. Kofur-kofur sun ninka kujerun saje. Ko kowa na so, ba kowa zai hau ba. Wanda ya ce na yafe ya rage wa masu so cunkoso ne, mai biye masa a layi ma goro ya kamata ya kai masa.

Inda hujjar ke da ƙamshin gaskiya shi ne ta ƙasa: gurbin kofur da ya riƙe, akwai las kofur da ke jiransa. Na yarda. Maganinsa shi ne a lissafa guraben ƙwararru daban, kada su ci na masu jan rukuni.

Akwai kuma aikin da shekaru ke fitar da mutum daga cikinsa ko yana so ko ba ya so. Sojan ƙafa ɗan shekara 45 da zai goya kaya ya bi yara 'yan 22 cikin dajin Sambisa ko na Rugu, gwiwa ce za ta yanke masa hukunci. A nan sai a bar gwajin lafiya da ƙarfin jiki ya yi magana kowace shekara, ba sani ba sabo. Wanda ya ci ya zauna, wanda ya faɗi a mayar da shi inda zai iya ko a sallame shi da haƙƙinsa. Amma makanike da mai gyaran rediyo da ma'aikacin ɗakin tiyata, shekaru daraja suke ƙara musu. Da tsohuwar zuma ake magani.

"Ragwaye za su fake a nan"

Za su gwada, babu shakka. Kowane wurin aiki akwai mutumin da ya gano cewa in ya lafe a ƙasa ba mai tambayarsa komai, wata ya yi a ji alat. Sai dai ƙin igiya ba shi ne tambarin rago ba. Na ga ragwaye masu son igiya kamar su mutu, don sun lura mai igiya uku ya daina share fili.

Abin da kwamanda zai duba shi ne me mutumin nan yake yi a inda yake. Motocin da ya gyara suna zuwa daji su dawo? Yaran da aka haɗa shi da su sun koyi wani abu? In an neme shi ƙarfe biyun dare ana samunsa? In amsar e ce, a shafa masa lafiya. In a'a ce, dokar soja ta isa ta yi maganinsa ba tare da an sako zancen igiya ba.

Ni ma ina da sharaɗi. Wanda ya zaɓi zama a ƙasa ya sani ba a yafe masa karatu ba. Motocin yanzu kwamfuta ce a cikinsu. Dole ya riƙa zuwa kwas na sana'arsa, ya ci jarrabawarta, ya kuma koyar da na baya. Ranar da Kofur ya ce kunnensa ya ishe shi, ba zai koyi na'urar gano cutar mota ba, ranar zan tashi in koma tabarmar Kawu.

"Soja ba ya zaɓe"

Nan ne ƙarfin Kawu yake. In aka harbi saje a fagen daga, wanda ke biye masa dole ya karɓi ragama nan take, babu lokacin cewa ni ba na son shugabanci. Wannan gaskiya ce tsagwaronta. Shi ya sa ban ce a ɗauke wa kowa horon jagoranci ba. Kowane kofur, makanike ne ko kuku, ya san yadda zai tattara mutane ya fitar da su daga wuta, wannan kam babu zaɓi a ciki.

Amma riƙe ragama na awa uku cikin ruwan harsashi daban, zama uban mutum talatin na shekara goma daban. Maƙwabcinka zai iya tuƙa matarka zuwa asibiti tsakar dare in naƙuda ta tashi, wannan bai mayar da shi direban motar asibiti ba.

Umarni zai sa mutum ya ɗinka igiya a hannun riga, amma ba zai sa ya damu da yara ba. Wa ke shan wahalar sajen dole? Hafsan da ya tilasta shi yana ofishinsa. Kurtun da ya fito daga Defo ta Zariya jiya, bayan wata shida na horo, shi aka damƙa a hannun mutumin da ke jin haushin kujerarsa. Irin wannan saje kala biyu ne, ko ya saki komai yara su yi ta kansu, ko ya huce haushinsa a kansu da gwale-gwale. Duk wanda ya zauna a bariki ya san duka biyun.

Sai zancen yaron da ka koya wa riƙe sifana ya dawo yana ba ka umarni. Wannan ɗaci gare shi, wanda ya zaɓi zama a ƙasa kuma dole ya haɗiye. Ba zai ƙi igiya sannan ya raina mai ita ba. Sayyidina Umar ya sauke Khalid ɗan Walid daga jagorancin rundunar Sham ya ɗora Abu Ubaida, Khalid ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashinsa. In gwarzo irin wannan ya iya, kofur ma zai iya.

A fara tambayarsa dalili

Abin da ya fi ba ni haushi ranar sunan, duk taron nan ba wanda ya tambayi Kofur me ya sa. Ruwa ba ya tsami banza, "ba na so" kuma abubuwa da yawa ke kwance ƙarƙashinta.

Wani tsoron jarrabawa ne. Hannunsa gwani, amma Turancin takarda na ba shi kunya, gara ya ce ba ya so da ya faɗi yaransa su ji. Wannan malami yake bukata na wata uku. Wani lissafi ya yi: ƙarin girma kan zo da canjin wurin aiki, ga mahaifiya kwance, ga yara a makaranta, abin da za a ƙara masa bai kai wahalar tashin ba. Wannan "ba yanzu ba" yake nufi, a sake tuntuɓarsa baɗi. Wani kuwa daga Arewa maso Gabas ya dawo, da hannunsa ya ɗauki gawar yaran da aka ba shi amana, ya yi wa kansa alkawarin ba zai sake zama mai cewa wane je ka can ba. Kai wannan gadirum zalunci ne, likita yake bukata da wanda zai zauna ya saurare shi.

Akwai kuma wanda ya kalli sajensa ne kawai. Hafsa na faɗa daga sama, yara na gunaguni daga ƙasa, in kaya ya ɓace a sito shi za a fara kamawa. Idan a bataliya guda mutum biyar, goma suka fara zille wa kwas, kwamanda ya bar binciken zuciyarsu, ya duba yadda yake riƙe da sajojinsa.

Wanda aka tambaya aka ga babu ko ɗaya cikin waɗannan, sana'arsa kawai yake so, sai ya sa hannu a takarda cewa shi ya zaɓa. Kada takardar ta zama tabo a fayil ɗinsa, kada kuma a rufe ƙofa. Mutum na canjawa, wanda ya ƙi a shekara 30 yana iya so a 36.

A watan Yulin 2020 jaridu sun ruwaito cewa sojoji 356 sun nemi a sallame su, dalilin da aka rubuta kuwa shi ne sha'awar aikin ta fita daga ransu. Rundunar da ke fama a Borno da Zamfara da Katsina da jihar Neja lokaci guda, wadda wasu ke ajiye mata kaki da kansu, ina ta ga rarar gwanayen da za ta kora? Mutumin da ya ce ina son aikin nan, a bar ni a kansa, ai shi ne wanda ake nema.

Duk da haka ban ga laifin Kawu sosai ba. Kalmomin nan, kofur da saje da samanja, sun shigo Hausa ne ta bakin kakanninmu da suka yi wa Turawa soja, lokacin da Hausa ce harshen bariki. A wancan zamanin baƙar fata ba ya zama hafsa, sai ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba 'yan Najeriya anini. Samanja shi ne ƙololuwa. Chari Maigumeri, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa, ya ga yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, a babban samanja ya tsaya, sai da zai sauka a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa. Waɗanda suka horar da su Kawu a hannun irin waɗannan suka tashi. A wurinsu igiya ce shaidar cewa kai ma mutum ne, wanda ya ƙi ta kamar ya zubar da abin da aka sha wuya kafin a samu. Amma waccan runduna ta bindiga da ƙafa da 'yan dako ce. Ta yau tana da jirage marasa matuƙi da motoci masu jure nakiya, kuma ba tsawar samanja ke tayar da su in sun mutu ba.

Hujjar da ta fi ƙarfina

Da yamma na shiga cikin gida yin sallama, na tarar labari ya riga ni. Matar Kofur na bakin murhu tana kwashe tuwo. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, an ce kai ma bayansa kake ko? To ku masu cewa a bar shi da abin da yake so, ni wa ya tambaye ni abin da nake so? Ɗaki ɗaya muke da yara huɗu. Matan sa'o'insa duk sun koma layin saje. In ya yi ritaya fanshon kofur za mu ci har mu mutu."

Ban sami abin ce mata ba nan take, don gaskiya ta faɗa. A tsarinmu komai a jikin igiya aka ɗaure shi: albashi, alawus, irin ɗakin da za a ba ka a bariki, garatuti, fansho. Wanda ya ƙi igiya ba kansa kaɗai ya yanke wa hukunci ba, har da yaran da ke kwana a tabarma gefen gado.

Shi ya sa "a bar shi" kaɗai rabin magana ce. Barin mutum ya tsufa a kan albashin kofur, alhali aikin hannunsa ya fi na saje tsada a kasuwa, kora ce a hankali. Ranar da wani kamfanin gine-gine ko mai manyan motoci ya ce zo ga ninki biyu, tafiya zai yi, runduna ta raine shi ta miƙa wa wani kyauta.

Kayan aikin gyaran ma akwai su a hannu. Sojan ƙasa na da makarantar injiniyoyi a Makurɗi, ta masu inji da lantarki a Auchi, ta sadarwa a Legas, ta sulke a Bauchi, tana kuma rarraba masu sana'a aji-aji bisa jarrabawa. Abin da ya rage shi ne a sa ajin nan ya yi nauyi a aljihu. Gwani ɗan aji na ɗaya da ya shekara 15 ya ci albashin saje ko fiye, a ba shi ɗaki irin na saje, a lissafa masa fansho a kan haka, igiyarsa biyu a hannu, ba shi kuma da ikon da ya wuce na kofur. Mai son mulki ya bi tsanin mulki, mai son ƙarfe ya bi na ƙarfe, duka biyun su ciyar da gida.

Na yi mata bayanin nan a taƙaice, tana ta mulmula tuwo a ƙwarya ba ta ko kalle ni ba. Da na kai aya ta ɗago ta ce, "In dai za su ba shi kuɗin saje da ɗaki biyu, ko a ƙarƙashin mota zai riƙa kwana ban damu ba. Amma kafin su yi, Yaya, ka gaya masa in sunansa ya sake fitowa, ni da kaina zan haɗa masa jaka."